Yadda za ka ɗaure tarin littattafan zane ka aika su daga Maraɗi cikin sauƙin kuɗi

Takarda nauyi gare ta, amma mai tara littattafan zane, wato masu ba da labari cikin zane-zane, ba ya gane haka sai ranar tashi. Shekara da shekaru mutum yana sayen su ɗaya-ɗaya, wasu a hannun masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi, wasu tsaraba daga Yamai ko Kano, wasu gado daga yayye tun zamanin lakkol. Sai aiki ya mayar da shi wani gari, ko ya ƙudurta aika wa ƴaƴansa da ke karatu a waje, nan ne kantar da ya saba gani a ɗaki za ta koma kilo ɗari da ɗoriya. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, rangwamen kuɗi yana wurin tantance kayan da zaɓen hanyar da za su bi. Kwali da leda da sikoc ba wurin tsumulmula ba ne. Su ne mafi araha a aikin gaba ɗaya, kuma su ne ke tsakanin littafinka da ruwa da mai da takalmin yaron mota.

Fara da sikeli

Littattafan zane ba girma ɗaya gare su ba. Akwai manya masu bango mai tauri, irin na Faransa da Beljiyam, galibi shafi 48, tsawonsu santimita 29 zuwa 32, faɗinsu 22 zuwa 24, kowane ɗaya yana kusan rabin kilo. Akwai sirara irin na Amurka, masu shafi 32 da aka kama da agraf biyu, wajen santimita 17 a faɗi da 26 a tsawo, nauyin ɗaya giram 50 zuwa 60 ne. Sai ƙanana masu kauri irin na Japan, masu shafi kusan 200, waɗanda ke kaiwa giram 150 zuwa 200.

Ka ware su jinsi-jinsi, ka ari sikelin mai shago, ka auna goma daga kowane jinsi, sannan ka yi lissafin sauran. A ce kana da manya 200, sirara 500, ƙanana 100. Manyan kaɗai sun tasam ma kilo 100, sirara kilo 30, ƙanana kuma ƙasa da 20. Jimla wajen kilo 150 ke nan, tamkar buhu ɗaya da rabi na gero. Da wannan adadi a hannunka za ka shiga tasha ka yi ciniki. Wanda ya je ya ce "ina da littattafai da yawa" ya bar wa mai awo ya yanke masa abin da ya ga dama.

Tantancewa

Nan ne kuɗi ke raguwa, kuma nan ne zuciya ke gardama. Kowane kilo da ka cire, kuɗinsa ya zauna a aljihunka. Ka fitar da waɗanda kake da su biyu-biyu, da waɗanda shafukansu suka ɓace, da waɗanda ka san ana samun su cikin sauƙi a inda za ka. A ganina wuri mafi dacewa da su shi ne wata makaranta a unguwarku, ko a unguwar Zariya kake ko Ali Ɗan Sofo ko Bagalam. Yaro da yawa da ke ƙin littafin karatu yakan zauna da littafin zane har ya manta da abinci, kuma ta nan karatun ke shigarsa. Ban ga dalilin biyan kuɗin mota a kan littafin da zai je ya kwanta a kwali ba alhali ga masu karanta shi a nan.

Daga cikin waɗanda suka rage kuma, ka ware ƴan kaɗan da ba su da madadi: tsohon bugu, ko wanda marubuci ya sa wa hannu, ko wanda mahaifi ya bari. Waɗannan ba sa shiga koli, wato kayan da ake ba mota ta kai ba tare da mai su ba. Suna jakar da ke kan cinyarka, ko a hannun mutumin da ka amince masa.

Kakkaɓa da shan iska

Kada ka rufe littafi a leda sai ka tabbatar busasshe ne. Idan aikin ya faɗo da damina, musamman watan Agusta, takarda takan sha laima ko ruwa bai taɓa ta ba. Ka rufe ta haka cikin leda, mota ta yi zafi, a buɗe a tarar da fumfuna. Ka tsayar da littattafan a ɗan buɗe cikin inuwa, inda iska ke wucewa, kwana ɗaya ko biyu. Ban da rana kai tsaye: tana kashe launi, tana kuma lanƙwasa bango. Wanda ke da zaɓin lokaci ya bari sai hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙura kaɗai ce damuwa, ita kuwa leda ta ishe ta. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana sassauta gam ɗin da ke riƙe ƙananan littattafai masu kauri, saboda haka kada kwali ya yini a rana a tsakar tasha.

Kana kakkaɓa kana duba gara. Alamarta ƴar ƙasa-ƙasa da ke manne a gefen ɗinki, ko ƙananan hanyoyi da aka ci a cikin shafuka. Duk littafin da ka ga haka gare shi ka keɓe shi nesa da sauran. Kada ka fesa wa takarda fiya-fiya ko wani maganin ƙwari, tabonsa ba ya fita kuma warinsa yana cutar da mai karatu.

Kwali

Ƙaramin kwali mai ƙarfi, shi ne sirrin. Mutane sukan ɗauko ƙaton kwalin talabijin su cika shi da littattafai don a ce kaya guda ne, sai ya kai kilo 40, gindinsa ya ɓalle, ko ɗan dako ya kasa sauke shi a hankali ya sako shi daga bisa. Kada kwali ɗaya ya wuce kilo 15. Kaya mai kilo 150 kwali goma ke nan.

Mafi kyawun kwali da na sani na wannan aiki shi ne na farar takarda A4, wanda masu fotokofi ke zubarwa. Ka zaga shagunan da ke kusa da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko kusa da ofisoshin gwamnati, za ka samu kyauta ko da ƴan canji. An yi shi ne don ɗaukar ram biyar, wato kilo 12 da rabi na takarda, yana kuma da murfi. Siraran littattafai suna kwanciya a cikinsa da sauran wuri a gefe, ƙanana kuma suna shiga layi biyu kafaɗa da kafaɗa. Manyan ne ba koyaushe suke shiga ba, domin A4 santimita 21 da 29.7 ne, su kuwa sun ɗan ɗara haka. In ka ga sai an danna, ka bari. A nemo musu kwalin gwangwanin madara ko na tumatir daga ƴan kasuwa, waɗanda su ma don nauyi aka yi su. Ka dubi bakin kwalin inda aka yanka: mai layi biyu na lanƙwasa ya fi mai layi ɗaya ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ka guji kwalin da ya taɓa ɗaukar sabulu, man girki, kifi, taki ko maganin ƙwari. Takarda tana shan wari, kwalin abinci kuma yakan zo da ƙwan kyankyasai a lungunansa. Shi kuwa ƙaton kwalin talabijin ko na firji, amfaninsa a yanka shi fale-fale, za ka ga aikinsu nan gaba. Buhu tsurarsa da babbar jakar leda mai zif ba su da wuri a nan ko kaɗan, domin ba sa kare kusurwa. Akwatin ƙarfe irin na maƙera yana da kyau ga kayan da za su bi kamiyo, sai dai nauyin akwatin kansa zai shiga lissafi.

Jerawa

Kafin littafi ko ɗaya ya shiga, ka ƙarfafa gindin kwalin da sikoc mai faɗi, layi uku a tsaye, biyu a gicciye. Ka shimfiɗa falle ɗaya na kwali a ƙasa. Sai ka zura babbar leda mai kauri, wadda ba ta da huji, ta zama rigar ciki, bakinta ya zubo waje.

Siraran su ne suka fi neman kulawa. Gefen da agraf yake ya fi ɗaya gefen kauri, saboda haka in ka jera talatin duk suna fuskantar waje ɗaya, tarin zai karkace, bayan littattafan ya naɗe, kuma wannan naɗewar ba ta gyaruwa. Ka ɗauki goma zuwa goma sha biyar, ka riƙa juya su: wannan ɗinkinsa a dama, na bisansa a hagu, haka har ƙarshe. Ka daidaita gefunansu a kan tebur, ka naɗe su da farar takarda. Jarida ba ta yi, tawadarta tana komawa kan bango, balle da zafi. Sannan ka sa ƙunshin tsakanin falle biyu na kwali da suka fi littafin girma da santimita ɗaya a kowane gefe, ka kama fallayen da sikoc ta fuska huɗu. Sikoc ya taɓa kwali kawai. In ya kama bangon littafi, da launin zai tashi. Roba mai talewa ma a bar ta: tana yanka gefen takarda, zafi kuma yana narkar da ita ta manne.

Manya masu bango mai tauri a kwance suke so, masu girma ɗaya a tari ɗaya, mafi girma a ƙasa. Ana iya tsayar da su kamar yadda suke a kanta, muddin sun matsu da juna. Abin da ba a yi shi ne a kifa su ɗinki yana sama, baki yana ƙasa, domin nauyin shafukan zai ja su su rabu da bango a kan gargadar hanya. Rauninsu yana kusurwa, don haka kada kusurwar littafi ta jingina da kusurwar kwali kai tsaye, a sa wani abu mai laushi tsakani.

Duk wani gurbi da ya rage a cika shi. Ga dabarar da ke rage kuɗi: maimakon sayen abin cikawa, ka yi amfani da tufafin da dama za ka aika, riguna, zannuwa, tawul, in dai busassu ne kuma ba sa zuba. Ka cika har baki. Kwalin da ke da rami a sama shi ne ke lotsawa idan aka ɗora masa wani, kuma sai an ɗora. Ka tattara bakin ledar, ka fitar da iska, ka murɗe, ka kama da sikoc. Ka rufe murfin ka ɗaga kwalin ka girgiza shi kusa da kunnenka. In ka ji motsi, buɗe ka ƙara tsumma.

Kafin rufewa ta ƙarshe, ka ɗauki hoton abin da ke ciki da salula, ka rubuta a littafin ajiya: kwali na ɗaya, kaza da kaza, guda nawa. Ka jefa ƴar takarda mai sunan mai karɓa da lambarsa a cikin kowane kwali, saboda rubutun waje yana iya gogewa.

Rigar waje da rubutu

Ka liƙe murfi da sikoc a tsakiya da gefuna biyu. Daga nan sai a zura kwalin cikin buhun shinkafa wankakke busasshe, a ja shi ya ɗame, a ɗinke bakin da basilla. Masu ɗinkin buhu a kasuwa da tasha sun iya wannan, cikin ƴan mintoci za su gama, kuɗinsu kuma kaɗan ne. Buhun yana hana gogayya ta cinye kwali, yana kuma nuna in an buɗe. A ɗaure da igiya a gicciye, a bar madauki a sama. Kwalin da ke da wurin kamawa ana ɗaukarsa ne, wanda ba shi da shi ana jansa a ƙasa.

Da babban alƙalami marar gogewa ka rubuta, a kan kwalin da kuma kan buhun: sunan mai karɓa, gari, lambar waya biyu, da lambar kwalin, 1/10, 2/10, har 10/10. Ka ƙara da cewa littattafai ne, da Faransanci, ka zana kibiya mai nuna sama. Kada ka rubuta cewa kaya ne masu tsada.

Zaɓen hanya

Cikin ƙasa, hanyar da ta fi daidaita tsakanin kuɗi da kwanciyar hankali ita ce sashen koli na kamfanonin bas irin su Rimbo, STM da Al Izza. Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne a kan babbar hanya ta ɗaya, ta Gidan Rumji, Madawa, Kwanni, Dogon Dutsi da Doso, tafiyar yini guda. Damagaram kuwa ba ta kai kilomita 250 ba, ta Tasawa. Ka zaga tasha uku kafin ka kai kaya, ka tambayi kowace yadda take yanke kuɗi, da kilo ne, da ido ne, ko da ƙimar kaya. Ka tambayi abin da suke biya in kaya ya ɓata, da kwana nawa suke ajiye koli kafin a zo ɗauka. Kowane farashi aka ba ka, raba shi da yawan kilonka, nan za ka ga mai araha na gaskiya. In kai ma tafiyar za ka yi, tambayi kuɗin kayan a matsayin kayan fasinja, ka gwada da na koli. Ka kauce wa makon Sallah, ƙarama da babba, da lokacin komawa makaranta a Oktoba, sa'ad da motoci ke cike maƙil.

Ranar kai kaya ka je da wuri, ka tsaya har a loda. Magana mai daɗi ga mai lodi tana aiki:

"Sannu da aiki, Malam. Littattafai ne, kwali goma, ba mai nauyi a ciki. Don Allah kada a haɗa min su da jarka."

"Ba komai, Alhaji, bisa katifun nan za mu ɗora su."

Abin da kake gudu a cikin motar shi ne jarkar man gyaɗa, batirin mota, kifi da duk abin da ke tsiyaya. Ka nemi a sa kayanka a sama da su, nesa da ƙofar ɗakin kaya inda ruwa ke shiga. Ɗan goron da za ka ba mai lodi bai kai kuɗin littafi ɗaya ba. Ka tabbatar resi ya nuna yawan kwalayen, ka ɗauki hotonsa ka tura wa mai karɓa ta WhatsApp tare da lambar motar, ka kuma aika masa kuɗin adaidaita ta Nita ko Amana don kada kaya su kwana a tasha.

Kamiyo ya fi araha idan kaya sun haura kilo 200, musamman wanda ya sauke kaya a Maraɗi zai koma da sauran wuri. Sai dai ba shi da ranar isa, kuma kayanka za su zauna da buhunan aya, wake ko albasa. In za ka bi nan, ka bi ta hannun ɗan kamasho sananne, ka karɓi lambar direba da ta mota, ka duba tampol ɗinsa da idonka, ka biya rabi, sauran sai kaya sun sauka.

Zuwa Najeriya hanyar ita ce Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, sannan Kano. An aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, amma kayanka mota za su bi. An rufe wannan iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka sake buɗe ta a Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, don haka ka tambayi direbobin layin halin da ake ciki a makon da za ka aika. Ka rubuta jerin kayan da Faransanci da Ingilishi, kwafi biyu, ka bayyana cewa tsofaffin littattafai ne na karatun kai, ba na sayarwa ba. Littattafai suna babi na 49 a jadawalin duwan na duniya, kuma suna cikin rukunin da ba a ɗora wa harajin shigowa a jadawalin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, da na CEDEAO, ko da yake hakan bai ɗauke ƙananan kuɗaɗen takardu ba. Ma'aikatan duwan suna da ikon buɗe kowane kwali, saboda haka ka haɗa direba da sikoc guda da igiya don a mayar da shi yadda yake.

Ƙetare shi ne mai tsada, kuma a nan tantancewar farko ke biyan ka. Mafi sauƙi shi ne matafiyi da zai tashi daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai: galibin kamfanonin jirage suna ba da jaka mai kilo 23, kuma kuɗin ƙarin jaka sau da yawa bai kai na kamfanin aika saƙon gaggawa ba. Ka ɗaure kayan a gabansa, ya ga kowane littafi, domin shi za a tambaya a can. Na biyu gidan waya. A ofishin Niger Poste za ka cike takardar duwan, CN22 ga ƙaramin ƙunshi, CN23 ga babba. Ka tambaye su ko suna karɓar buhun M zuwa ƙasar da kake nufi, wato buhun bugaggun takardu da ake aika wa mutum ɗaya, mai kaiwa kilo 30. Kamfanoni irin su DHL sun fi sauri da sauƙin bibiya. Su kan ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita su raba da 5000, su gwada da nauyin sikeli, su caji wanda ya fi yawa. Kwali mai 40 da 30 da 30 yana ba da kilo 7.2, littattafan da ke ciki kuwa sun fi haka, ke nan nauyin sikeli za ka biya, matse kwali ba zai rage maka komai ba. Kowace hanya ka zaɓa, fara tura kwali ɗaya na waɗanda ba su fi soyuwa gare ka ba, ka ga kwanakin da ya yi da halin da ya isa, kafin ka saki sauran.

Idan kaya sun sauka

Mai karɓa ya ƙirga kwalayen, ya duba ɗinkin buhu, kafin ya sa hannu. In akwai wanda ya jiƙe ko ya yage, ya ɗauki hotonsa a nan tashar, a gaban ma'aikaci. Jiƙaƙƙen kwali a buɗe shi a ranar, domin shafuka masu sheƙi in suka bushe a haɗe sun manne ke nan har abada. A raba su a hankali tun suna da danshi, a sa farar takarda tsakaninsu, a riƙa canza ta, a bar su gaban fanka cikin inuwa. Sauran kwalayen ma kada su daɗe a rufe cikin leda. In kanta ba ta samu ba tukuna, a ɗora su a kan katako bisa bulo, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango, a riƙa leƙa ƙarƙashinsu duk mako saboda gara.